Ruhsar da Mukhtaru Ya Zaɓa

Ka'akiyya, Makka.

Zuwa ga Yayata Mujahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai zafi. 'Yata Afnan ta yaye ɗanta. 'Yar'uwarta Manar kuwa har yanzu in an yi mata Hausa da Larabci take amsawa, wai ai ta ji.

Yaya, maganar 'ya'yanki Mukhtaru da Sufyan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun rasuwar babansu tare suke riƙe da sana'arsa, su ja bututun ruwan sha, su gyara bayyara, wato ramin masai, duk wanda ya samu. Bana aiki ya kai su wani ɗan gari a bakin teku inda ake gina sababbin gidaje. Sai baladiyya, wato hukumar garin, ta ce ba mai haƙa ƙasa sai da ruhsa, wato lasisi, kuma ruhsar iri biyu ce, ta ruwa daban, ta masai daban. Kowace da jarrabawarta da kayan aikinta da motarta, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe biyu, ga shi aikin nasu yana buƙatar duka biyun. Ban ga laifinsu ba. Ruwan ƙasar garin a kusa yake, duk ƙazantar da ta tsiyaya cikin mutane za ta koma. Amma ni uwa ce, abin da na ji kawai shi ne za a raba mini yara.

Dukansu sun ci jarrabawar biyu. Ana nan sai baban Jawahir, yarinyar da Sufyan ke nema, ya aiko wai shi 'yarsa ba za ta wanke kayan mai masai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai ka ce shi ba ya zagayawa. Sufyan ya ce a yi ƙuri'a. Mukhtaru kuwa sai ya tafi ya sa sunansa a ta masai, ya dawo yana cewa dama ta fi kawo aiki. Faɗa kawai yake, Yaya. Mutumin da ya tashi yana ɗebo wa alhazai zamzam don Allah, kin san inda zuciyarsa take.

An sa bikin Sufyan bayan Hajji. Amma Juma'ar da ta wuce Mukhtaru ya zo gida, ya yi wanka, ya sa turare, da aka ajiye faranti sai ya ce a zuba masa nasa daban, a ba shi cokali. Ba wanda ya ƙyamace shi, shi ya yanke wa kansa hukunci. Sufyan ya sunkuyar da kai ya kasa ci. Na tashi na kama hannun Mukhtaru na dama na tsoma a tsakiyar shinkafa, na ce yau a hannun nan zan ci. Sai da ya ba ni loma a baki sannan kowa ya sa hannu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe mini da Malam Ismail da Kawu Ɗan'auta da Mahadi da iyalinsa. Roƙona ɗaya ne: in dangi sun tambayi sana'ar Mukhtaru, kada ki ce harkar ruwa yake yi. Ki ce masai yake gyarawa, ki kuma faɗa musu dalili.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hadijatu