Kwamfutar Jamil Mai Kama Ɓarawo

Tsamiya Biyu, Zakirai.

Zuwa ga maigidana Abdulrashid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida ba sanda. Ruwa bai sauka ba tukuna, amma an gama sharar gona, an kai taki.

Na rubuta a takarda ne zan ɗauki hotonta in turo maka, don ka san gidan nan. In na ɗaga waya a ɗaki, kafin in ajiye an ji a madafa. Maganar kuwa ta ɗan'uwanka ce, Jamil ɗan Baffa.

Ya dawo daga Kano. Ya gama 'yan watannin da ya yi yana koyon kwamfuta a wani shago, ya zo da tsohuwar laftof mai tsagaggen murfi da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne sana'ar da ya buɗe a gindin darbejiyar ƙofar gidan Baffa. Wai kwamfutarsa tana haɗe da tauraron ɗan'adam, tauraron yana ganin duk abin da ake yi a ƙasa, saboda haka wanda aka yi wa sata ya zo, za ta faɗi sunan ɓarawo. Da Liman ya ce wannan duba ne, sai ya ce a'a, kimiyya ce, babu aljani a ciki. Liman ya ƙyale shi.

Jiya ya shigo da ita cikin gida don ya burge Inna da mata. Na tsaya a bayansa da tsintsiya a hannu. Ka tuna baƙin allon nan da nake koya wa 'yan matan ajina, wanda ba hoto sai rubutu, da muke ce wa tamina? To shi ne tauraron.

Bari in yi maka bayani, don ka raina abin kamar yadda na raina shi. Wannan allo ba ya tunani. Duk harafin da aka tura masa rubutawa yake yi, sai fa in an fara da wata alama da ake kira eskef. Da ya gan ta ya san abin da ke biye umarni ne, ba rubutu ba. Eskef, da baka mai kusurwa, da 31, da harafin m, sai rubutu ya koma ja. In 32 ne, kore. In 2 ce da J, sai ya share allon tas. Akwai kuma 8 da m, wadda ke ɓoye duk abin da aka buga, yana nan amma ido ba ya ganinsa. Iyakar ilimin Injiniya ke nan, 'yan lambobin da ya kwafo a waya.

Ga yadda yake yi. Zai ja mai ƙara da hira har ya ji wanda ake zargi. Sai ya ce zai sa lambar sirri, ya buga sunan mutumin a ɓoye. Allo ya share, koren rubutu ya fito wai ANA NEMAN TAURARO, ɗige-ɗige su yi ta rarrafe, can sai sunan da ya buga da hannunsa ya bayyana ja wur.

Ko rufe umarnin bai iya ba. Akwai sifili da m da ake sawa a ƙarshe don allo ya koma yadda yake. Shi ya manta, sai komai ya ci gaba da fitowa ja. Da Inna ta tambayi dalili, ya ce kwamfutar ce ba ta huce ba tukuna. Dariya ta ƙwace mini, sai da na shige ɗaki.

Zuwa yanzu akuya ɗaya ya gano, ita ma kowa ya san gidan da take shiga cin dusa. Amma ka yi masa magana, tun abin yana na dariya.

Ka kula da cin abinci. Gidan ba daɗi ba ka nan.

Matarka,
Ramlat.

Tsamiya Biyu, Zakirai.

Maigidana Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan zazzaɓin da ka ce ka yi ya sauka gaba ɗaya. Ka sha maganin har ya ƙare, na san halinka. Inna lafiya, kowa lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Na ga amsarka. Ka ce in rabu da shi, yarinta ce, kuma Baffa ne ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku, ba ka son abin da zai taɓa zumunci. Na ji. Amma yaron naka mai gemu ya daina wasa da awaki.

An fasa rumbun Alhaji Khalilu an kwashe masa irin gyaɗar da ya ajiye don shuka. Maimakon ya je wurin Mai unguwa, sai ya ɗauki babbar rigarsa ya tafi gindin darbejiya, mutumin da ya je Makka har sau biyu. Aka taru. Jamil ya gyara tabarau, ya buga lambar sirrinsa, tauraro ya yi nazari, sai ga suna ja wur: AINA'U.

Aina'u fa, Abdulrashid. Maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, wadda tun da mijinta ya rasu ba ta da abin dogaro sai turminta da kaskonta. Matar da ko tulu ba ta iya ɗauka saboda bayanta, wai ita ce ta haura katanga ta sungumi buhuna. Kuma ka san dalili? Ita kaɗai ce a unguwar nan ake jin ƙamshin gyaɗa a gidanta kullum, kuma ba ta da namijin da zai zo ya shaƙe wuyan Injiniya. Zurfin binciken tauraro ke nan.

Tun ranar ba wanda ya aika sayen mai ko ƙuli a gidanta. Matan da ta yi wa wankan jego da hannunta su ne ke kauda kai in ta shigo gidan suna. Dangin saurayin 'yarta Asiya sun aiko wai a dakata da maganar sa rana. Na shiga na same ta zaune gaban kwanon ƙulin da ya yi kwanaki, ba ta kuka, abin da kawai take maimaitawa shi ne ita ba ta taɓa ganin tauraron nan ba, me ta yi masa?

Na tare Jamil a zaure na ce ya je ya faɗi gaskiya, ni ba zan tona masa ba in ya gyara da kansa. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Matar Yaya, wannan ba irin kwamfutar makarantarku ba ce.” Na ce ya nuna mini inda tauraron yake shiga, tunda ko layi babu a laftof ɗin. Ya ce sirrin kamfani ne. Wallahi ban taɓa ganin wofi mai ƙarfin hali irinsa ba.

Amma ba shi kaɗai na raina ba. Na raina manyan mutanen da ke zama a tabarma baki buɗe don rubutu ya canja launi. Da a ce da jan alli ya rubuta sunan a bango da sun kore shi da sanda. Da yake a gilashi ne, sai ya zama wahayi.

Alhaji Khalilu ya kai ƙara, ranar Alhamis za a zauna a zauren Mai unguwa, an ce Aina'u ta fito da gyaɗa ko a miƙa ta gaba. Na faɗa wa Inna zan je. Ta ce Aina'u ce ta zauna da ita lokacin da ƙafarta ta hana ta tashi, in je, ita za ta raka ni. Saura izininka. Ina roƙonka kada ka hana ni, don ban san yadda zan ƙara kallon matar nan ba in na zauna.

Taka har kullum,
Ramlat.

Tsamiya Biyu, Zakirai.

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ruwa ya sauka ranar Juma'a, an yi shuka, gonarka ta bayan gari ma an gama ta. Na gode da izinin da ka ba ni, na san bai zo maka da sauƙi ba. Allah ya saka da alheri.

Mun je ni da Inna, na aro laftof ɗin makaranta na rufe ta da mayafi. Zauren ya cika har waje. Aina'u tana rakuɓe a bakin ƙofa ita da Asiya. Jamil ya zo da sabuwar hula, ya sake yin wasansa daga farko, sunan ya sake fitowa ja, mutane suka yi ta salati.

Inna ce ta nemar mini izinin magana. Na gaida Mai unguwa, na ce ranka ya daɗe, ni ma tawa tana magana da tauraro, a bari in tambaye ta don a samu shaida biyu. Ya ce bismillah. Na buga abin da zan buga a ɓoye, allo ya share, koren rubutu ya yi rarrafensa, sai ga jan suna. Na juya allon na ce Liman ya karanta da ƙarfi. Liman ya duba, ya sake dubawa, ya share wuya, ya karanta sunan Mai unguwa.

Kafin wani ya yi magana na ce wataƙila tauraron ya yi kuskure, bari a sake. Ya fito da sunan Liman. Na sake, ya ce Alhaji Khalilu ne ya saci gyaɗar kansa. Na sake, ya ce ni ce. A nan Mai unguwa ya fashe da dariya, sauran suka samu damar numfashi.

Sai na cire 8 ɗin nan mai ɓoye rubutu, na ce kowa ya zuba ido. Na buga suna a fili harafi bayan harafi, suna kallo, allo ya share, sunan ya dawo ja. Na ce ranka ya daɗe, abin da hannu ya zuba shi ne ke fitowa, launin kuwa lamba ce. Na mai da shi kore, na mai da shi rawaya, na tambayi Alhaji Khalilu wane launi yake so a rubuta masa ɓarawonsa.

Mai unguwa ya ce Jamil ya buɗe tasa a ga abin da ke ciki. Injiniya ya ce caji ya ƙare. Na ce ga tawa cajar. Ya ce bakinsu ba ɗaya ba ne. Aka ce to ya bar hannunsa a aljihu, Liman ya buga masa lambar sirrin. Sai ya fara gumi yana maganar netwok. Baffa, da ke zaune a gefe tun farko, ya tashi ya zare masa tabarau daga fuska ya sa a aljihunsa, ya ce ya wuce gida. Na ji tausayin Baffa. Jamil kuwa ko kaɗan.

An yanke cewa Jamil da Alhaji Khalilu su je har gida su nemi gafarar Aina'u. Jamil ya je, Baffa na biye da shi. Alhaji ya aika a ce mata ai ƙaddara ce. Gyaɗar dai har yau ba a gan ta ba, shi ya sa wasu ke cewa ai ba wanda ya tabbatar ba ita ba ce. Ciniki ya fara dawowa, amma ba kamar da ba. Dangin saurayin Asiya sun dawo da goro suna washe baki, Aina'u ta ce su koma da abinsu, ba za ta kai 'yarta gidan da gilashi ke yanke musu hukunci ba. Asiya ta yi kuka, don tana son yaron. Wannan ita ce ribar ilimin ɗan'uwanka. Shi kuwa an ce an gan shi a kasuwar Gezawa da laftof ɗinsa, ya sayi wani tabarau.

Yanzu ga abin da ya sa nake so ka nemi hutu ka zo. Na ɗauka na yi bayani kowa ya gane. Washegarin zaman da safe sai ga sallama, wani ya zo daga ƙauyen gaba, wai an ce matar Abdulrashid tana da wadda ta fi ta Jamil ƙarfi, tasa suna ɗaya take bayarwa, tawa kuwa har huɗu. Saniyarsa ce ta ɓata. Bayansa mai neman keke, bayansa wata da ke so a duba mata ko mijinta yana da wata a Kano. Na gaji da cewa lamba ce kawai. In na faɗa sai su gyaɗa kai su ce sun gane, ba a son a yi maganar a gaban mutane.

Ɗazu kuma uwargidan Alhaji Khalilu ta shigo da zakara a hammata. Ta ja ni gefe ta rage murya, wai Alhaji ya ce abin da na yi a zaure ya gane dabara ce don a rufa wa Aina'u asiri, ya kuma yaba. Amma yanzu tunda ba kowa, in taimaka in tambayi tauraron tsakani da Allah. Na ce ta ɗauki zakaranta ta gaida Alhaji. Ta ajiye shi ta tafi, wai in yi tunani. Yana nan ɗaure a gindin turmi yana ta cara, na rasa wanda zan aika ya mayar, don duk wanda na kira sai ya ce in fara duba masa nasa.

Ka zo, don Allah. Inna tana gaishe ka, Aina'u ma ta ce a gaishe ka da kyau.

Matarka mai kewarka,
Ramlat.