Jirgi Mai Haƙora

Deira, Dubai
Ƙarshen Rabi'ul Awwal, 1441

Zuwa ga kakana, Kofur Gidaɗo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ake cire takalmi a durƙusa har ƙasa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin kwanciyar rai, kai da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sassauta maka ciwon ƙugun nan, ya sa kaffara ne. Ƙanwata Wasila ta gaya mini ta waya cewa tun watan jiya tuwo ba ya shiga sai kunu, kuma ba ka fita zaure sai an riƙe ka. Raina bai so jin haka ba. Amma dai na ce ta ɗaga matashinka ta duba, don tsohon da na sani ba ya ƙin tuwo sai in ya ɓoye dabino. Ina matata Iya Zaituna? Ka ci gaba da riƙe mini ita amana. Duk matan da ke garin nan ban kula ko ɗaya ba saboda ita, kai kuwa shekara sittin kana cewa aro ka yi, har yau ba ka mayar ba.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Zafin ya sauka, yanzu mutum yana iya tafiya a ƙasa da rana ba tare da rigarsa ta manne masa ba. Ina nan a kasuwar Murshid Bazaar ina ɗaure kago, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida, daga safe har la'asar sai ƙarar tef da ihun yalla yalla, wato a yi sauri. Hajiyoyin Kantin Kwari sun fara zuwa sarin ƙarshen shekara, kowacce ta rantse katan ɗinta bai kai kilo talatin ba, sikeli kuma ya ƙaryata ta a gabanta. Yaya Sulaiman yana nan unguwar Karama, matarsa Muhsinat ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Khairunnisa. Hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Za ka ce me ya hana ni aiko murya ta waya yadda na saba. Dalili shi ne ni in na buɗe baki da kai, wasa ne ke fita. Ka ga ko a takardar ma sai da na taɓa ka sau uku kafin in zo nan. Maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta wasa ba ce. Wasila, ke za ki karanta, ki karanta yadda na rubuta, kar ki tsallake ko layi ɗaya don kina jin kunyata. Kuma kafin ki ci gaba a aika a kira Ɗantani ɗan Baffa. Na san shekara goma sha biyu ke nan Kaka bai bar shi ya taka ɗakinsa ba. To ya zauna a bakin ƙofa, inda zai ji.

Makon jiya an yi bajekolin jiragen sama a wani fili can bayan gari, cikin rairayi. Abdou, abokin kwanana ɗan Damagaram, shi ya samo mana aikin kwana uku na jera kujeru da ɗaukar katan-katan na ruwa zuwa rumfunan baƙi. Kaka, na ga jirage har wuyana ya ƙage. Akwai wanda in ya tsaya gidanmu gaba ɗaya zai shige ƙarƙashin fiffikensa ɗaya, har da turken awaki. Akwai na yaƙi na zamani, waɗanda sai sun wuce ka sun ɓace kafin ƙararsu ta iso. Wasu bakwai suka tashi a jere suna zubar da hayaƙi ja da kore da fari da baƙi, suka zana tutar ƙasar nan a sama. Larabawa suna tafi, Turawa suna ɗaukar hoto, ni kuma ina lissafin yadda zan saka wa Abdou ƙanƙara a bayan riga. Na saka masa kuwa. Ya yi tsalle ya zage ni da Faransanci, na ce ya fassara, ya ƙi.

Rana ta biyu bayan azahar aka turo ni can ƙarshen fili da ruwa. Nan na ga wani ɗan ƙaramin jirgi an kewaye shi da igiya, tsoho, launin ganye da ƙasa, mai farfela ɗaya a hanci, ya zauna a kan ƙaramar tayar baya ya ɗaga kai sama kamar ɗan akuya yana jiran dusa. Na zagayo ta gabansa, sai katan ɗin ya kusa suɓuce mini. Haƙora, Kaka. An zana masa baki ja wangame, da haƙora farare sama da ƙasa, da ido a kowane gefe.

Ka tuna yadda muke yi maka in ka fara labarin yaƙin Bama, na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu? Ka ce kun yi wata shida a daji ba ku ga hanyar mota ba, abinci daga sama ake jefo muku da laima, kuma akwai jiragen ɓangarenku masu haƙora da ke zuwa su kore muku abokan gaba. Da ka kai kan haƙoran sai mu fashe da dariya. Ni ne ke tambayar ka ko jirgin yana cin goro, ko da wane asuwaki yake wanke baki. Kai kuma sai ka ce wata rana. Ni duk zatona tsufa ne ya haɗa maka yaƙi da tatsuniya.

Na tsaya a wurin har wani Bature mai kula da injin ya lura da ni, dattijo, hannunsa duk baƙin mai. Na kira Abdou ya yi mini tafinta da ɗan Turancinsa na kasuwa. Na ce ya gaya masa kakana ya ce ya ga irin wannan a Bama. Baturen ya ajiye tsummansa, ya ce ƙwarai irinsu sun yi shawagi a can, ya tambaya ko kana raye. Da muka ce e, sai ya ɗaga igiyar ya ce in shigo, ya kama hannuna ya ɗora a jikin fiffiken. Ƙarfen da ɗumi, duk jikinsa ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin hula, yana warin mai irin na injin niƙan unguwarmu. Ya ce jirgin ya girme shi, kuma kowane tashi na minti goma sai sun yi kwanaki suna lallaɓa shi. Na ce wa Abdou ashe dai duk tsofaffin sojoji halinsu ɗaya.

Da la'asar aka tashe shi. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, sannan ya kama. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Na zamanin nan tsoro kawai suke ba ka. Shi wannan kana ganin mutumin da ke ciki, kana ganin kansa yana juyawa. Ya hau sama a hankali, ya kifa ciki, rana ta bugi fiffikensa, ya mirgina kamar shirwa ta ƙoshi tana wasa da iska. Har masu sayar da jiragen biliyoyi suka fito daga rumfunansu masu sanyi suna kallo. Kuma muryarsa, yadda ka faɗa ne, ka ce naku waƙa yake yi daga ƙirji, nasu kuma, na abokan gaba, kuka yake yi ta hanci. Na ji waƙar har cikin haƙarƙarina, na kama kaina ina murmushi ni kaɗai.

Sai ya yi nisa ya zama ɗigo, ya juyo, ya sunkuyar da hanci ya nufo mu. Ƙarar ta canza, ta zama wani ƙugi mai feɗuwa yana ƙaruwa, haƙoran nan suna girma. Na san wasa ne. Na san babu harsashi a cikinsa, ga jama'a ga 'yan sanda ga masu shan lemo. Duk da haka ban san lokacin da na yar da katan na shige ƙarƙashin tebur ba. Abdou ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauke ni a waya, yana cewa habibi fito, khalas, shi ke nan, an gama yaƙin. Ya rama ƙanƙararsa. Ni kuwa ban iya dariya ba, don a ƙarƙashin teburin nan ba Dubai nake ba. Ina kan katangar gidanmu, ina da shekara goma sha ɗaya.

Kaka, ni ne. Ba Ɗantani ba ne.

Ni na samo guntun langalanga a bayan shagon maƙeri, na huda shi na ɗaura masa igiya. Kwana uku ina gwadawa a bayan gari har na gane yadda ake wulwula shi ya yi ƙugin nan da kake kwaikwaya mana da baki. Ni na hau katanga ta bayan darbejiya lokacin da kake alwalar azahar. So nake in ga ka zabura, buta ta kife, in samu abin tsokanar ka na wata guda. Ban san za ka yi ihu da wata murya da ba mu taɓa ji ba, kana cewa a kwanta. Ban san za ka suri Wasila, tana 'yar shekara uku tana wasa kusa da kai, ka faɗa da ita ramin da ake kwaɓa ƙasar gini, ka rufe ta da jikinka ba. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kai kuma ƙugunka ya tafi, daga ranar ka kama sanda.

Da na ji ƙarar faɗuwarka sai na wurga abin ta bayan katanga. Ɗantani yana wucewa, ya tsinta, yana jujjuya shi yana mamaki aka fito aka gan shi da shi a hannu. Ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Baffa ya yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shigo. Ni kuwa na zagaya na ɗauki allona na zauna a zaure ina karatu da ƙarfi. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗauki allo ba a sa ni ba, har Iya ta sa mini albarka. Da dai an tsaya an yi tunani, duk gidan nan wa ke da wannan hali in ba ni ba? Amma kana so na, sai ba ka nemi ganin abin da ke gabanka ba, ni kuma na fake a cikin son.

Ɗantani ya sani. Bai taɓa faɗa mini ba, amma ranar da zan taho shi ya ɗaukar mini jaka har tasha, ya ce in na ga jirgi in gaishe shi. Na yi dariya a lokacin. A mota ne maganar ta zauna mini.

Wasila ta ce an sa ranar aurensa wata biyu masu zuwa, kuma da Baffa ya zo neman ka sa albarka ka karɓa masa auren a matsayinka na babba, ka juya fuska bango ka ce wanda ya karya ka ya nemi wani kakan. Ga wanda ya karya ka nan yana rubuto maka. In akwai wanda za a hana shiga ɗaki, ni ne. In ka ce kar in ƙara kiran ka, zan daina, ko da yake ban san wa zan riƙa tsokana ba, kuma ban san yadda zan yi da raina ba. Ina roƙon ka gafara don Allah, amma ko ba ka yafe mini yanzu ba, ka kira shi ya shigo, ka dafa kansa. Ɗantani, kai ma ina roƙon ka. Dukan da ka sha nawa ne, shekarun nan goma sha biyu na bakin ƙofa ma nawa ne. Dukan dai in na dawo ga bayana, shekarun ne ban san yadda zan mayar maka ba.

Ka gaishe mini da Iya Zaituna, ka ce mijinta na ƙwarai ya yi abin kunya, ta taya shi roƙo. A gaida Baffa, a ce masa ya yafe mini dukan da na sa ya yi wa ɗansa a banza. A gaida Gwaggo Asama'u da yaranta, da Malam na makarantar ƙofar gida, wanda ya koya mini cewa shaidar zur ba sai da baki ake yin ta ba, na haddace ban yi aiki da shi ba. Yaya Sulaiman da Muhsinat suna gaisuwa. Abdou ma ya ce a gaida Kofur, wai ya sara maka.

Saura abu ɗaya. Rana ta uku da aka sake tashin jirgin, na tsaya da ƙafafuna, ban shiga ƙarƙashin komai ba, na ɗauki hotonsa da muryarsa tun daga tarin farko har ya sauka. Na tura wa Wasila a waya, amma na hana ta kunnawa a gidan nan, ko a tsakar gida, ko da wasa. Sau ɗaya na taɓa kawo maka ƙarar jirgi ba da izininka ba, ba zan ƙara ba. In ba ka so, ta goge. In kuwa kana so, ka zauna sosai, ka jingina da bango, Ɗantani ya riƙe maka wayar. Ka duba haƙoran da kyau, ka nuna wa duk wanda ya taɓa yi maka dariya. Sannan ka saurara, ka aiko mini da amsa ta bakin Ɗantani: naku ne, ko nasu?

Wassalam. Ni ne jikanka mai laifi, wanda bai daina son ka ba,

Mubashir