Ɗinkin Takardun Lauya

Laraba da dare, watan Rajab

Alhamdu lillahi, yau a shagonmu na ɗinkin littattafai Oga ya ba ni ɗinkin takardun kotu, karo na farko. Ya ce in na ɓata su, in koma shara. Takardun wata lauya ne, masu hatimi, kuma inda basilla ta huda ba ya toshuwa.

Na jera su, na ɗaga basilla zan huda ta dama, yadda ake ɗinka littattafanmu na makarantar allo. Sai Bitrus, abokin aikina, ya cafke hannuna. Bitrus ɗin da na shafa wa gam a kujera jiya!

"Malam, alƙali daga baya zai fara karatu? Wannan ba Larabci ba ne."

Na huda ta hagu, na ɗinke, na manna bango. Oga ya kama shafi ɗaya ya girgiza, ko motsi shafin bai yi ba. Ya ce gobe ma ni zan yi.

Bitrus bai tona ni ba, amma tun la'asar yake kirana Malam Baibai, har mai kunu ta ɗauka. Ni da ke raɗa wa kowa suna a layinmu, yau an raɗa mini, kuma wallahi ya zauna daram.