Sun Gyara Fakon Kafin Baƙi Su Zo

Daren Talata, Lamorde

Ba su ba mu ba. Tun safe nake unguwar Filato a nan Yamai, a biron masu furoje, ofishin da ke raba tallafi, sai azahar Madam ɗin wurin ta kira ni. Ta ce dosiyena, takardun neman tallafin, ba laifi, amma tallafin na farfaɗo da ƙasar da ta mutu ne, kuma waɗanda suka tura garinmu a jihar Tawa sun tarar da tamu a raye.

A raye! Fakon Baba da ko akuya ba ta tsayawa a kansa.

Ina kan gada na kira Yaya Isuhu a waya. Ashe da na ce masa baƙi za su zo duba gonar, kunya ta kama shi. Ya kira gayya, gari ya fito da diga da hauya, suka haƙa ramukan tassa masu riƙe ruwan sama, suka zuba ɗan takin da ya rage. Har rago ya yanka.

"Malam, so kake baƙi daga Yamai su ce mun bar gonar ubanmu ta lalace?" in ji shi.

Ta yaya zan ce wa yayana lalacewar suka zo gani?

Rijiyar da muke sa rai da tallafin babu, dashen itatuwa babu. Samarin da suka yi gayyar, bayan kaka cirani za su tafi. Madam ta ce in sake gwadawa baɗi. Sai dai in roƙi iska ta cike ramukan da rairayi.

Yaya ya ce in gaida su. Wai sun yaba aikin ƙwarai.