Haƙoran Giya

Sabon Birni, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Turba. Yaya jikin Talha? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai raina ba daɗi, kuma ke kaɗai nake iya faɗa wa.

Kin san ni ke ajiye makullin bas ɗin Baba, don ya ce ba na yar da abu. To, ya karɓe.

Ranar Juma'a Baba ya sa Yaya Shamsu ya zuba wa bas ɗin man giya. Ni na riƙe mashi mazurari. Ya buɗe galan da haƙori kamar yadda ya saba, sai zoben robar murfin ya fita daga bakinshi, ya bi mazurari ya shige ciki. Ya ce roba ba ta komai, giya za ta niƙe ta kamar gero. Ya roƙe ni in yi shiru, na yi.

Jiya a hanyar garin Isa giyar bas ɗin ta ƙi shiga, fasinjoji suka sauka da kayansu. Da Baba ya dawo ya tara mu, Yaya Shamsu ya ce ni na saki robar. Yaya, a gabana ya faɗa, bai ko ƙifta ido ba. Baba ya tambaye ni. Kin san ba na iya ɗaga kai gabanshi. Na sunkuya, shi kuwa ya ɗauka na amsa laifi. Nan take ya miƙa wa Yaya Shamsu makullin.

Gobe za a buɗe giyar. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Radiyya

Sabon Birni, ranar Alhamis

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya kuma Talha ya warware.

Malam Wada makanike ya tsiyaye man, robar ta fito tare da shi. Ashe kwance take a ƙasa, ba ta ɓata komai ba. Ya ce kulocin motar ne ya cinye don tsufa, shi ya hana giya shiga. Da robar babba ce ko ƙarfe, in ji shi, da an yi ɓarna.

Ya nuna wa Baba tabon da ke jikinta, ya ce ko haƙoran giya ne suka taɓa ta. Na duba. Haƙora biyu ne, da fili a tsakaninsu. Giya ba ta da wushirya, Yaya. A gidanmu mutum ɗaya ke da ita.

Baba ya daɗe yana juya robar a tafin hannunshi. Ya dubi Yaya Shamsu, ya sake duban robar. Na tabbata ya gane. Na jira. Sai ya juyo wurina ya ce ya yafe mani, in riƙa kula.

Na gode mashi, don haka aka koya mana. Makullin yana aljihun Yaya Shamsu har yanzu.

Na tsinci robar inda Baba ya jefar, na wanke. Ga ta cikin takardar nan. Ba za ni nuna wa kowa ba, amma ina so mutum ɗaya ya gani da idonshi.

Ki gaida Talha. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Radiyya