Maƙogwaron Saude

Isa, 1956

Zuwa ga Yaya Labbo, a Gangara,

Gaisuwa da ladabi. Jikarka Saude ta iso gidana tare da uwatta Habi. Hannuwan Saude suna fizgewa da kansu, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Takan yi dariya, sai kuma kuka ba dalili. Mun kai ta ɗakin magani. Malamin asibiti ya tambayi Habi ko yarinya ta yi wani ciwo kafin wannan. Habi ta rufe fuska, ba ta ce komai ba. Ka san ɗiyar fari ce. Sai ya ba mu maganin barci muka dawo. Mata sun ce iskoki ne, bayan ranar kasuwa za su kai ta girka.

Ƙanenka, Jibrilla

Gangara

Jibrilla,

Ina gaida ka da iyali. Da hannuna na rubuta wannan, ajin yamma ya yi rana. Kada a kai Saude ko'ina. Kunyar ɗiyar fari ta uwa ce da uba, kaka ba ruwanai. Ka faɗa wa malamin cewa da damina maƙogwaronta ya kumbura da zazzaɓi, har wanzami ya cire mata beli. Bayan nan gwiwoyinta suka kumbura. A ɗakina ta yi jinya. In bai yarda ba, za ni zo da kaina bisa jaki.

Labbo

Isa

Yaya,

Bayan gaisuwa, na faɗa masa. Ya aje alƙalami ya ce, "Shi ne kuka yi shiru?" Ya saurari ƙirjin Saude ya daɗe. Ya ce ƙwayar ciwon maƙogwaron ce ta bar wannan, kuma tana iya taɓa zuciya. An fara allurar fenisilin, an ce ta kwanta ta huta. Mata sun yi guna-guni, amma sun fasa girka. Fizgar tana raguwa kaɗan-kaɗan. Za a riƙa kawo ta allura ko bayan ta warke.

Allah shi ƙara maka lafiya,
Jibrilla

Gangara

Jibrilla,

Alhamdu lillahi! Sun iso lafiya. Da ƙafarta Saude ta shigo zaure, da tulu a kai. Na ce, "Amaryata, kin dawo?" Ta ce, "Na sake ka, tsoho. Na samu miji mai allura a Isa."

Ka gaida mini shi, ka ce na bar masa.

Labbo