Ƙofar Cocin da Na Kasa Shiga

Laraba da dare, Manchester

Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar da masu son daina shan giya suke haɗuwa, wai babu kuɗi. GP, likitana, ya ce taron ya koma wani coci bayan Oxford Road. Na daure na je. Ina kama ƙofa na ji an ce, "Yaya Sani, lafiya? Coci kuma?" Bashir ne, ƙanen matata. Na ce bas nake jira, na juyo ban shiga ba. A Birmingham ma ana taron, amma unguwar Sparkbrook da ake yinsa cike take da 'yan garinmu.

Gobe labari zai kai wa Hajiya a Kano. Ko a ce mata ɗanta ya yi ridda, ko in gaya mata gaskiya, cewa giya nake sha. Ya Allah, wanne zuciyarta za ta iya ɗauka?